Akwatin Tsohon Soja

A wata tsohuwar unguwa ta birnin Tawa akwai wani dattijo ɗan kasuwa, wanda ya share shekaru yana cin kasuwannin ƙauye da atamfa da shadda, tun daga Abalak har Cintabaraden. Ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, cikinsa kuwa jar hula ce wadda asu ya ci, da lambar girma mai tsatsa, da littafin soja. Kayan mahaifinsa ne, wanda sarkin ƙasarsu ya miƙa wa kumandan a 1939, sa'ad da Faransa ke tara samari domin yaƙin Hitila.

Mahaifin bai cika zancen yaƙi ba. Abin da ɗiyansa suka riƙe bai wuce labarin jirgin ruwa da sanyin da ke cinye yatsu ba, sai kuma yadda yake zabura cikin barci idan an yi tsawa. Ya rasu yana karɓar pansiyon da bai kai na takwaransa Bafaranshe ba, domin dokar da Faransa ta yi a 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka.

Mahaifiyar ce mai labari. Ita ba ta taɓa jin ƙarar igwa ba, amma yaƙin ya iske ta har tsakar gida. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Nijar ta zauna hannun gwamnatin Vishi, Nijeriya kuma hannun Ingila, sai iyaka ta koma abin tsoro tsakanin mutanen da ke auren juna. Tufa ta yi wuya har mata suka koma ga saƙi, gardawan kumandan suna bin rumbuna suna awon hatsi, ana kora bisashe. Har ta tsufa ba ta yarda rumbunta ya ga ƙasa ba, ɗiyanta kuwa suna yi mata dariya.

Dariyar ta ƙare a watan Maris na 2021. Ran 15 ga wata, ƴan bindiga suka tare motocin da ke komowa daga kasuwar Banibangu cikin jihar Tilaberi, aka kashe mutum 58 tsakanin hanya da ƙauyuka, aka ƙona rumbuna. Kwana shida bayan haka, mahara bisa babura suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da Wistan cikin yankin Tiliya, gwamnati ta ƙidaya gawa 137. Tiliya kuwa jihar Tawa ce, kuma dattijon ya san waɗannan rijiyoyi, ya sha shayi a waɗannan rugage, akwai ma waɗanda suka tafi da bashinsa bai kuma jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne, yaƙin mahaifinsa yana da fage da tuta da ranar ƙarewa, wannan kuwa ranar kasuwa yake zuwa, ya sami mutum da kuɗin cefane a aljihu.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayansa ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, ta ba sojoji wa'adin mako guda, tare da barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano tsakanin Ƙonni da Illela, albasa na ruɓewa. Wa zai harbi wa, alhali rabin dangi na Sakkwato? Malamai da sarakunan arewacin Nijeriya suka yi ta kai da kawo, yaƙin bai auku ba, aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Amma a cikin makon wa'adin nan, dattijon ya yi abin da bai gaya wa abokan hirarsa ba sai daga baya. Ya sayi buhunan hatsi ya jibge a ɗakin da mahaifiyarsa ta rasu, ya kuma ware turamen atamfa ya hana a sayar. Hatsin an cinye shi tuni. Turamen suna nan bisa akwatin ƙarfe, kuma ɗansa da ya gaji fataucin ya san dokar gidan: duk kasuwar da ya ci, sai ya bugo waya kafin magariba.