Tsohon Babur a Ƙasar Arewa: Abin da Mai Gyaran Farko Zai Tarar

A garuruwan Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, Ɗankasari da Tibiri, ba a rasa gidan da ke da tsohon babur jingine a zaure ko a gindin rumbu, tayoyi sun sace, sirdi ya tsage, kaji sun mai da shi wurin kwana. In ka tambaya, sai a ce na marigayi ne, ko na wani kawu da ya yi malanta zamanin Seyni Kunce, ko wanda aka sayo a Sakkwato da kuɗin ci-rani. Ba a sayar ba don ana jin nauyin mai shi. Ba a kuma gyara ba, don sayen sabon na Caina ya fi sauƙi a kan yawon neman kayan tsoho.

Yanzu samari sun fara waiwayar waɗannan ƙarafa. Suna ganin hotunan baburan da aka tayar a Turai da Indunusiya a wayoyinsu, sai zuciya ta raya musu cewa ai ga irinsa nan a gida yana cin tsatsa. Sha'awa ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta. Sai dai yawancin masu farawa daga fenti suke somawa, alhali fenti ne aikin ƙarshe, kuma siffar da suke kwaikwayo an yi ta ne don hanyoyin da ba su san yashi ba.

Baburan da ke kwance a gidajenmu ta ƙofa biyu suka shigo. Ta wajen Faransa aka sami mobilet, wadda kamfanin Motobécane ya fara ƙerawa a 1949, da Peugeot 103 da ta fito a 1971: ƙananan injuna masu shan fetur gauraye da baƙin mai, ga feda kamar ta keke. Ta wajen Najeriya kuwa aka sami Basfa da na Japan, su Suzuki A100, Yamaha Mate da Honda iri-iri. Shekarun 1970 ne lokacin da kuɗi suka ɗan zauna a hannun ma'aikata a Nijar da Najeriya. A Nijar yuraniyom ɗin Arlit ya fara fita a 1971. A Najeriya ga kuɗin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji. A 1979 Honda ta kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun, kuma abin da ya kai Birnin Kebbi ko Argungu ba ya daɗewa bai tsallako Arewa ba. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duk wani kayan gyara da ake sayowa da kuɗin waje ya ninka tsada. Bayan 'yan shekaru kuma su Jincheng, Kasea da Haojue suka cika kasuwa, sannan Boxer ta Indiya ta biyo baya. Tsoffin suka koma inuwa.

Wanne ya dace da mai gyaran farko? A ganina Honda CG125 ce, in an same ta. Dalilin yana cikin tarihinta. A Mayun 1974 kamfanin ya tura ma'aikatansa biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su zagaya Tailan, Malesiya, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga yadda talaka ke amfani da babur. Abin da suka gani duk ɗan Arewa ya san shi: iyali guda a kan babur ɗaya, baƙin mai ya yi kauri ba a juye ba, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana dukan murfi. Maimakon su tsaya yi wa mutane wa'azin kula da inji, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci. Suka sauko da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasa, kusa da inda mai yake, wasu 'yan sanduna biyu suna tura bawul ɗin daga can. Ko mai ya yi datti ko ya ragu, kan injin ba ya saurin cinyewa. Matatar iskar ma ta soso suka yi, wadda ake wankewa a mayar. A 1975 babur ɗin ya shiga kasuwa, a 1976 aka fara ƙera shi a Barazil, kuma har yau ana yin sa a Pakistan.

Ga inda abin ya shafe mu. Da yawa daga cikin baburan Caina da 'yan kabu-kabu ke hawa, injinsu kwafin na CG ne. Saboda haka fistin, ringi, gasket, farantan kuloci da kabureta da ke rataye a shagunan kayan gyara na Dogon Dutsi sukan shiga tsohon, ko kai tsaye ko da ɗan gyara. Wanda ya ɗauko Basfa ko mobilet kuwa, sai ya shirya aike Yamai ko Kano, ko ya sayi wata matacciyar ya riƙa yankar nama a jikinta. Ba na hana kowa, amma wannan aikin na biyu ne ko na uku.

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, a duba takardu. A goge wuyan firam da gefen inji, a karanta lambobin da aka buga, a gwada su da na karti giriz da takardar duwan. Arewa ƙasar kan iyaka ce. Babur da aka sace a can yakan ɓullo a nan, na nan ma ya ɓullo a can. In na gado ne, a zauna da magada a yi magana a gaban shaidu tun yana gawa, domin ranar da ya tashi yana ƙyalli za a ga masu haƙƙi sun yi yawa. In lambar ta nuna alamar an kankare, a bar shi ko kyauta ne. Yanayin tsaro ma ya sa jandarmomi ba sa wasa da zancen babur: an hana hawansa a Jihar Difa a 2015, an hana a sassan Tilaberi daga Janairun 2020. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan babur marar takarda ya yi wa shingen bincike aiki.

Daga nan sai a gano ko injin yana da rai. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, a bar shi ya kwana, sannan a taka kik a hankali da hannu. In ya juya, a toshe ramin da babban yatsa a sake takawa: injin da ke da sauran ƙarfi zai ture yatsan da iska. In ya ƙi motsi sam, fistin ya kama, kuma tsalle a kan kik ba abin da zai haifar sai karyayyen ringi. Haƙuri da mai ne maganinsa, wani lokaci har mako.

Tsofaffin makanikai suna da wata ɗabi'a da ya kamata yaro ya ɗauka. Kafin maigida ya buɗe kabureta sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya ajiye tsohon kwanon sha. Ya kwance ƙusoshin ƙoƙon ƙasa, ya karkato shi ga haske. A gindin ƙoƙon za ka ga wani jan gari laushi, ƙurar hunturun shekaru, da kore-koren da tsohon fetur ya bari. Ya zare fil ɗin da ke riƙe da fulot, ya girgiza fulot ɗin a kunne ya ji ko mai ya shiga cikinsa. Ya kwance jet biyu, babba da ƙarami, ya jiƙa su a fetur, ya hura, ya ɗaga sama ya leƙa har sai ya hango rana ta ramin. In yaro ya miƙo allura, sai ka ji ya ce, "Kai yaro, ajiye wannan. Ramin nan in ya faɗaɗa ba ya komawa." Silin waya ɗaya daga tsohon kebul, shi ma da lallashi, ya isa. Duk abin da aka cire a kwanon yake sauka, don ƙusar da ta faɗa yashi ta tafi ke nan. Mai waya kuma ya ɗauki hoto kafin ya kwance kowane sashe. Ba abin kunya ba ne.

Tanki yakan fi kabureta ɓarna. In ciki ya yi tsatsa, a zuba 'yan notoci da kananzir, a rufe, a yi ta girgizawa, a zubar, a maimaita har abin da ke fitowa ya yi fari. In ya huje, kada a kusanto da wutar walda sai an wanke shi sarai an cika shi da ruwa, domin tankin da babu fetur ya fi cikakke saurin fashewa. Sannan a sa 'yar matata a tiyon mai. Mafi yawan masu babur a karkara a kwalba suke sayen fetur wurin 'yan ruwa-ruwa, kuma ko bayan da cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya sauya lissafin wannan sana'a, kwalbar da mazurarin ba su sauya ba. Ƙura tana shiga.

A injin CG akwai 'yar rariya a bayan babban murfin da ake juye mai, a gefen hagu. Mutane da yawa sun shekara suna juyen mai ba su taɓa wanke ta ba. A wanke, a zuba sabon mai kimanin lita ɗaya. A daidaita bawul da inji a sanyaye, tazarar milimita 0.08, da ma'aunin gaske, ba da reza ba. In silinda ta cinye, masu injin gora a birni za su faɗaɗa ta a sa fistin na gaba, wanda ke zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, har 1.00. Baburan CG na farkon fitowa suna da wutar bolt 6 da fayint, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa dole a bar komai yadda ya fito daga Japan. Wanda zai yi tafiyar dare tsakanin ƙauyuka, ya mayar da shi bolt 12 da CDI, ya adana tsoffin kayan a leda. Fitilar da ke nuna rami ta fi asali amfani.

Kayan gyara kuwa, araha ba ta ado. A kwali iri ɗaya akwai mai kyau akwai na jabu, kuma mai shago ya san bambancin in ka nuna masa kai ma kana son sani. Duk ƙarfen asali da bai mutu ba, a gyara shi a mayar. Kabureta ta Keihin da ta shekara 40, in an wanke ta, ta fi sabuwar da ba a san mahaifarta ba.

Birki, taya, sifoki, boris na wuya da na ƙafafu, sarƙa da siforoket: waɗannan ba sa fitowa a hoto, shi ya sa ake tsallake su. Tayar da ta shekara goma a jingine ta mutu ko da zanenta bai goge ba. A canza sarƙa tare da siforoket biyun, kada a raba su.

Sai zancen ado, wanda shi ne ya jawo yaron tun farko. Salon da ya fi yawo a waya shi ne wanda samarin Landan suka ƙirƙiro a shekarun 1950 da 1960 a wuraren shan shayi irin su Ace Cafe: a sauke kan babur ƙasa, a yanke bayan firam, a cire kariya da madgad, a bar sirdin mutum ɗaya. Sun yi shi ne don tsere a kwalta. Mai son ya san ko wannan ya dace da mu, ya bar babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, ya nufi Lugu.

Lugu ƙaramin gari ne a gundumar Ɗankasari, amma sunansa ya yi nisa. A nan Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, labarin da Abdoulaye Mamani ya rubuta a littafinsa na 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Baƙi da ɗalibai suna zuwa ganin garin da dutsen Tunguma, mutanen garin kuma suna fita kasuwa da asibiti, yawanci a bayan babur. Hanyar ta ƙasar Dallol Mawri ce: yashi mai zurfi, sai tsakuwa, sai kwari da ruwa ke yankewa da damina. A yashi mahayi yana bukatar kai mai faɗi da tsayi, ya zauna a miƙe ya mayar da nauyinsa baya. Wanda ya sauke kai ya kifa a kan tanki, tayar gaba za ta nutse ta kayar da shi. Wanda ya cire matatar iska ya sa 'yar buɗaɗɗiya don kyau, hunturu ɗaya zai cinye masa ringi. Wanda ya yanke kariya kuma, ranar da inna ta ce a kai mata buhun gero niƙa zai yi bayani.

Ai mu ma muna da namu salon, ba mu dai ɗauke shi da daraja ba ne. Dubi abin da masu walda da dukawa ke yi wa baburan 'yan kasuwa: kariya mai faɗi da aka ƙarfafa da rodi, shokazoba mai kauri, rigar tanki mai aljihu, sirdin da aka ƙara wa soso. Mai gyaran farko yana iya ɗaukar wannan ya tsabtace shi. Ya sa siforoket na baya mai haƙora biyu ko uku fiye da na asali, gudu ya ɗan ragu, ƙarfin ja a yashi ya ƙaru. Ya sa taya mai manyan ƙuraje. Ya bar murfin sarƙa a rufe yadda Honda ta yi shi, domin yashi da giris in sun haɗu sarƙa suke ci. Sirdin kuma ya kai wa baduku ya rufe da jar fatar akuya, da ɗinki irin na kayan doki. Wannan ado ne da ba za a same shi a Landan ba. Abu biyu ne ba na so: fasa salansa don ƙara, da jera fitilun da ke kashe idon mai tahowa. A ƙauyen da mutane ke kwana da kunne a buɗe, babur mai ruri da dare ba burgewa yake yi ba.

Fenti sai an hau babur ɗin an tabbatar ba sauran abin kwancewa. A kankare har ƙarfe, a sa fenti na ƙasa mai hana tsatsa, a fesa da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Tsakiyar hunturu ba lokacin fenti ba ne.

In an sa sabon fistin da ringi, kilomita 500 na farko a bi a hankali: kada a murɗe totur har ƙarshe, kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada a shiga yashi mai zurfi da zai sa inji ya yi zafi. Kwaltar Dogon Dutsi zuwa Doso da dawowa, sau biyu, ta isa wannan. Daga nan a juye mai, a sake wanke rariya, a sake auna bawul, a bi sifoki da notoci ɗaya bayan ɗaya a ɗaure waɗanda suka saki.