Abin Yi Idan An Tsinci Shaho Ko Mujiya Da Rauni

Shaho, shirwa, mikiya da mujiya sukan ji rauni idan mota ta buge su, ko suka faɗa kan wayar lantarki, ko suka ci mushen da aka sa wa guba. Alamun sun haɗa da reton fiffike ɗaya, jini, da kasa tashi idan an matso. Sai dai ɗan tsuntsun da ke koyon tashi yakan sauko ƙasa lafiyarsa ƙalau, iyayensa na kusa, don haka gara a ɗan dakata a lura tukuna.

Haɗarin kamu ya fi yawa a faratan, domin da su tsuntsun ke farauta. Ana lulluɓe shi da tawul ko bargo har kai, saboda duhu na kwantar masa da hankali, sannan a haɗa fikafikan da jikinsa, a riƙe ƙafafun biyu da safar hannu mai kauri. A saka shi cikin kwali mai ƙananan huji, a ajiye a inuwa inda yara da kyanwa ba za su kai ba. Kejin waya bai dace ba, yana karya gashin fiffike.

Kuskuren da aka fi yi, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne ɗura masa ruwa. Ƙofar numfashin tsuntsu tana bayan harshe, ruwan na iya shiga huhu ya kashe shi. Abinci ma a bari sai likita ya duba.

A hanzarta kai shi asibitin dabbobi ko wurin jami'an gandun daji, a faɗi inda aka tsince shi. Bayan haka a wanke hannu da sabulu saboda murar tsuntsaye.