RAINON DASHE DAGA IRI, DA YADDA A KE RABA SHI A ƘASAR TAMBUWAL DA KEBBE

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Tambuwal, ya ga dogon yaro a bakin hanya da kasuwa da ƙofofin gidaje, sai ya zaci itacen yana nan tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi a garin. To, ba haka ba ne. Asalinsa daga ƙasar Hindu ne. An kai shi ƙasar da yanzu a ke kira Gana zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, daga can aka kawo shi Barno cikin 1928, sa'an nan cikin shekarun 1930 ya iso Lardin Sakkwato. Ma'aikatan daji su suka fara dasa shi, amma abin da ya kai shi kowane lungu shi ne kyauta: wannan ya ciri ɗan tsiro a gindin nasa ya ba maƙwabci, maƙwabci kuma ya kai wa surukinsa a ƙauye.

Wannan hanya tana da amfani har yanzu, balle ga itatuwan marmari na lambunan fadama. Sai dai akwai abin da ya kamata hakimai da malamansu su sani kafin su sa hannu cikin rabon dashe, watau ba kowane iri ne ke haifar kamar uwarsa ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙudan zuma da ƙudaje su kan ɗauko garin fure daga wani itace su kai wa wani, sai ƙwayar ta zama tana da iyaye biyu. Ɗan da ya fito ya kan fi uwar, amma galibi ya kan kasa ta. Masu lambu na ƙasashen waje a kan wannan su ke neman sabon iri. Wani Bafaranshe, Francis Meilland, ya haɗa furannin wardi cikin 1935, ya shuka 'ya'yan, ya zaɓi tsiro guda. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya matso, sai ya aika da rassansa ga abokan sana'arsa a Jamus da Italiya da Amurka, don kada ya salwanta a hannun mutum ɗaya. Cikin 1945 aka raɗa masa suna Peace, watau salama, ya zama cikin wardin da suka fi shahara a duniya. Ko da ya ke haka, shuka wardi daga ƙwaya ba aikin da za a ɗora wa manomin Tambuwal ba ne, gama ƙwayar ba ta kan tsira sai ta yi wata biyu ko uku cikin sanyi mai laima kusa da na ƙanƙara, hunturunmu kuwa bai kai haka ba, ga shi busasshe. Mai sha'awar wardi a nan sai ya roƙi reshe ya kafa.

Mangwaro shi ne abin da ya shafi ƙasar nan sosai. Shi ma labarinsa haka ya ke. Wani Kyaftin John Haden ya shuka ƙwallaye a lambun gidansa a Fulorida ta Amurka cikin 1902, ɗaya ya fito da 'ya'ya masu kyau, shi ne Haden da a ke dasawa yau a ƙasashe da yawa, har da Afirka ta Yamma.

Ƙwallon mangwaro iri biyu ne. Akwai wanda in an shuka shi ya kan fitar da tsiro uku ko huɗu a rami guda. Wannan shi ne halin yawancin ƙananan mangwaro na gida masu zare, kuma mafi yawan tsiron nan kamar uwarsu su ke fitowa. Akwai kuma mai tsiro guda, kamar Haden da sauran manyan nan da a ke saye da tsada. Shi wannan ba shi da tabbas ko kaɗan. Mutum ya sha mai zaƙi a kasuwa, ya shuka ƙwallon, ya yi ta ban ruwa shekara biyar zuwa takwas, ya sami mai tsami. Hasarar talaka ke nan, kuma in daga lambun hakimi dashen ya fito, da sunan hakimi za a riƙa kiran itacen.

Maganin wannan shi ne aure. A reni ƙwallon na gida, domin shi ya saba da ƙasa da fari. In kaurinsa ya kai na fensir, sai a yanko reshe daga itacen da aka tabbatar da kyansa, a fiƙe shi, a tsaga kan na gidan a cusa, a ɗaure da leda tam. Mai aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu. Malamin gona ya iya wannan aiki, kwana biyu ya isa ya koya wa samari.

Wajen shuka, gaggawa ita ce babba. Ƙwallon mangwaro ya kan mutu cikin 'yan makonni, balle da zafin bazara, lokacin da ya ke nuna. A wanke shi, a bar shi ya sha iska a inuwa, a fasa ɓawon a hankali, a shuka cikin mako guda a leda mai huda a gindi, cikin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki ya kan jawo gara. 'Ya'yan dogon yaro ma haka su ke, ba su jure ajiya. A yi rumfar zana a kan dashen, kusa da rijiya. Ba a fitar da shi sai damina ta zauna, wajen watan Yuli, a bar ƙafa 30 tsakanin mangwaro da mangwaro, a kewaye kowanne da ƙaya, don akuya ba ta san dashen hakimi ba.

Sauran aiki na malamin hakimi ne. Lalle ya buɗe littafi ya rubuta uwar kowane dashe, da ranar shuka, da ko mai aure ne, da sunan wanda aka ba, da ƙauyensa. Wanda aka ba marar aure a gaya masa gaskiya. Kada a hana shuka irin wannan ɗungum, gama cikin ɗari a kan dace da guda wanda ya fi uwarsa. In labari ya zo daga Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi cewa wani itace ya yi fice, da littafin nan za a gane asalinsa, a roƙi mai shi rassa, a aura a lambu uku ko huɗu a garuruwa dabam dabam, don kada gobara ko gatari su tafi da shi gaba ɗaya.

Har wa yau kuma a tambayi mai karɓa inda zai dasa. Bisa al'ada ba a dasa itace mai daɗewa a gonar aro ko ta jingina sai da yardar mai ita, domin bayan shekara 20 magada su kan kafa hujja da itacen su ce gonar tasu ce. In gonar aro ce, a kira mai ita da dagaci, a rubuta yardarsa da wanda zai ci 'ya'yan, sa'an nan a miƙa dashen.