3.2 Zaɓin Magani ga Mai Juna Biyu da ke Fama da Ciwon Sukari

Idan gwajin da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28 ya nuna mace tana da ciwon sukari, ba a fara ba ta magani nan take, sai in sukarin ya yi yawa ƙwarai. Akan fara da gyara cimarta da motsa jiki na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ake nema shi ne awon sukarin jininta kafin karin kumallo ya kasance ƙasa da 5.3. In hakan bai samu ba, sai a koma ga magani.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne allurar insulin, wadda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Dalili kuwa shi ne, insulin ba ya ƙetare mabiyiya ya isa jinin jariri, kuma ana iya ƙara shi ko rage shi gwargwadon yadda ciki ke girma. Sai dai yana da nasa wahalhalun. Mace za ta riƙa yi wa kanta allura, wani lokaci har sau huɗu a yini, kuma in ta yi allurar ba ta ci abinci ba, sukarinta na iya faɗuwa har ta suma. Haka kuma zafi yana lalata shi. A garuruwanmu da wutar lantarki ba ta tsayawa, wasu kan adana kwalbar a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi.

Na biyu shi ne ƙwayar metfomin. Tana da araha, ba ta buƙatar firji, kuma ba kasafai take kayar da sukari ba. Amma ita tana ƙetare mabiyiya, sannan ba kullum take wadatarwa ba. A binciken da aka gudanar a New Zealand da Ostareliya, wanda aka buga a 2008, kashi 46 cikin ɗari na matan da aka ɗora a kanta sai da aka ƙara musu insulin. Ita kuwa gilibenkilamaid an rage amfani da ita, saboda takan jawo faɗuwar sukarin jariri bayan haihuwa.

A ganin mai wannan nazari, matar da ba ta da na'urar awon sukari a gida, kuma asibiti ya yi mata nisa, ɗora ta a kan insulin ba tare da koyarwa ba haɗari ne. Ya kamata likita ya tambayi halin gidanta kafin ya rubuta magani.