Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Abin Da Na Koya Daga George Clinton Biyu

Watan jiya dilar atamfa ta taso daga Kano da sunana a jiki, amma ta sauka a shagon wani. A layinmu kaɗai a nan Kumasi, mu uku ne ke amsa suna ɗaya har da sunan uba. Direba ya tambaya, yara suka nuna masa takwarana, yaron shago ya karɓa yana zaton kayan maigidansa ne. Sai da muka kwana huɗu ana buge-bugen waya kafin kayan su dawo hannuna. Allah ya sa mutumin mai amana ne, da ba haka ba jarin wata uku ya tafi.

Da dare ina ba da labarin, sai babban ɗana da ke karanta tarihi a jami'a ya fashe da dariya. Ya ce, "Baba, ai naka mai sauƙi ne. Ni na nemi George Clinton, mataimakin shugaban Amurka, sai waya ta kawo mini wani dattijo mai gashi kala-kala yana riƙe da makirfo." Muka zauna ya warware mini labarin mutanen biyu, kuma wallahi na ga kasuwa a ciki.

Na farkon an haife shi a 1739 a yankin New York. Ya yi janar a yaƙin neman 'yanci daga Ingila, ya zama gwamnan jihar na farko a 1777. Ya riƙe kujerar har 1795, ya sake dawowa daga 1801 zuwa 1804, jimla shekara 21. A 1805 ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya yi wa Thomas Jefferson, ya kuma yi wa James Madison. Mutum ne mai tsoron kada gwamnatin tarayya ta danne jihohi. Shi ya sa a 1811, da ƙuri'u suka yi kunnen doki a majalisar dattawa kan sabunta lasisin babban bankin ƙasar, ya jefa tasa aka ƙi sabuntawa. Ya rasu a 1812, shi ne mataimakin shugaban Amurka na farko da ya mutu a kan mulki. Na tambaya ko kakan Bill Clinton ne. Ɗana ya ce a'a, shi Bill ma sunan mijin mahaifiyarsa ya ɗauka. Takwara kan takwara ke nan.

Na biyun ya zo duniya a 1941 a jihar North Carolina, ya tashi a garin Plainfield na New Jersey. A shagon aski ya fara, nan ya tara abokai suka kafa ƙungiyar waƙa mai suna The Parliaments. Abin dariya, ma'anar kalmar ita ce majalisa, alhali takwaransa ne ya shugabanci majalisa ta gaske. A 1967 waƙarsu ta farko da ta yi kasuwa ta fito. Ana cikin murna sai rikici ya ɓarke tsakaninsu da kamfanin da ya buga faifan, aka wayi gari ba shi da ikon amfani da sunan ƙungiyar da ya kafa da kansa. Bai zauna kuka ba. Ya ci gaba da mutanensa da sabon suna, Funkadelic, daga baya ya dawo da tsohon a matsayin Parliament, ya riƙa tafiyar da biyun tare. Kundinsa Mothership Connection na 1975 ya girgiza Amurka, a 1985 ya yi furodusan kundin Red Hot Chili Peppers, kuma mawaƙa irin su Dr. Dre da Snoop Dogg sun gina waƙoƙi a kan kiɗansa. Amma duk da wannan ɗaukaka, ya kwashe shekaru yana zaryar kotu kan haƙƙin mallakar waƙoƙin da shi ya ƙirƙira.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Mu nawa ne a zango muke da allon shago da muka shekara ashirin muna gina sunansa, amma babu takarda ko ɗaya da ta ce namu ne? Mu nawa muka haɗa jari da ɗan'uwa a kan "ai mun yarda da juna", babu rubutu babu shaida? Alhali Alƙur'ani da kansa, a Suratul Baƙara, ya umarce mu mu rubuta bashi.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Gaskiya ne, amma mu da Muhammadu da Abubakar da Usman suka cika kowane layi, dole a ƙara da dabara. Kakanninmu fatake sun gane haka, shi ya sa kowa da laƙabinsa: Mai Goro, Na Allah, Ɗan Katsina. Yanzu kuma da kuɗi ke yawo ta waya, laƙabi kaɗai bai isa ba.

Tun daga ranar na sauya tsari. Kowace dila sai an rubuta cikakken suna da laƙabi da lambar waya da lambar shago. Kafin in tura kuɗi, sai na karanta sunan da ya fito, in kira mai shi in ji muryarsa. Na kuma fara bin hanyar yi wa sunan shagona rajista, kuma na sa ɗana ya daidaita yadda aka rubuta sunayen ƙannensa a takardun haihuwa da na makaranta, don wani wuri Muhammad ne, wani wuri Mohammed.

Takwarana kuwa, na kai masa turmi ɗaya na godiya. Ya karɓa yana dariya, ya ce in dai alheri ne, a ci gaba da ɓatan hanya.