Jahar da talakawanta suka ƙi soke haraji

A Amurka, wasu jahohi suna ba talakawa damar tattara sa hannu su gabatar da doka, jama'a ta jefa mata ƙuri'a kai tsaye. Ta wannan hanya ce ƴan jam'iyyar Libertarian, masu ganin hannun gwamnati ya yi yawa cikin aljihun mutane, suka nemi a soke harajin da jahar Massachusetts ke karɓa bisa albashi da sauran kuɗin shiga. Carla Howell ce ta ja ragamarsu. Hujjarsu ita ce kowa ya fi gwamnati sanin inda zai kashe guminsa.

A shekarar 2002, mutum 45 cikin 100 suka amince, abin da ya girgiza mahukunta. A 2008 aka sake kawo maganar. A wannan karo ƙungiyoyin malaman makaranta da na ma'aikata suka tashi tsaye suna fahimtar da jama'a cewa harajin nan ne ke ɗaukar kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗin jahar. In ya tafi, da me za a biya malamai da ƴan sanda, a gyara hanyoyi? Kimanin mutum 70 cikin 100 suka ce a'a. Harajin yana nan har yau.