Don Williams: Dogon Mawaƙin Da Ba Ya Ɗaga Murya

Kiɗan country na mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka ne, manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci, kuma cibiyarsa ita ce birnin Nashville a jihar Tennessee. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage, da wuya a sami wanda ya shiga zukatan mutanen Afirka kamar Don Williams.

An haife shi ranar 27 ga Mayu, 1939, a Floydada ta jihar Texas, kuma wurin mahaifiyarsa ya koyi kaɗa jita. Bayan ya yi aikin soja, a 1964 shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers. Da ƙungiyar ta watse, sai ya koma kantin surukinsa yana sayar da kujeru da gadaje, kamar dai ya yi sallama da waƙa.

A 1971 ne mai shirya faifai Jack Clement ya ɗauke shi aiki a Nashville, ba don ya rera ba, sai don ya riƙa tsara waƙoƙi ana kai wa manyan mawaƙa. Abin da bai samu karɓuwa a wurinsu ba, shi ya shiga rerawa da bakinsa, ashe nan arzikin yake. A lokacin, yawancin masu shirya faifai a Nashville cika waƙa suke yi da goge da amshi har muryar mawaƙi ta nutse. Shi kuwa, tare da mai shirya masa faifai Allen Reynolds, rage kayan kiɗa suka yi: jita, ɗan bugu a hankali, sai murya mai kauri da ba ta gaggawa. A ganina wannan ne sirrinsa. Ko mai ƙaramin Turanci yana iya bin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, kuma zancen bai wuce aure da amana da kewar gida ba. Shi kansa da mace ɗaya ya zauna tun 1960.

Waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin country, ta farko a 1974. Ba duka ne shi ya tsara ba. Bob McDill ya tsara masa da dama, “Tulsa Time” kuma ta Danny Flowers ce. Amma “Love Me Over Again” alƙalaminsa ne.

Kaset-kaset ɗinsa sun yi kasuwa a Najeriya da Kenya da Zimbabwe, inda ya je Harare ya yi wasa a 1997. A 2010 aka saka shi cikin Country Music Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan country, a 2016 ya ajiye yawon wasa, ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, a Mobile ta jihar Alabama, sanadiyyar ciwon huhu, yana da shekara 78.